Ƙofar Ta Kalli Ina?

Lallen da aka zana mini ranar Asabar har yanzu yana hannuna, ko alamar gogewa bai fara ba, kuma da shi nake danna muku wayar nan. Waɗanda suka saba da ni sun san halina. Wanda yau ya fara leƙowa, sunana Zara'u, malamar makaranta ce ni a Tasawa, gajeriya, mai saurin hawa da saurin sauka. Ni kaɗai ce mace a ɗakin Innarmu, kuma tun rasuwar Babanmu daga ni sai ita a gidan, don Yaya Nura yana Maradi da iyalinsa.

Ranar Asabar ɗin da nake faɗa muku, ita ce aka sa gwaggonnin Abdulaziz, mai nemana da aure, za su taso daga Mayahi da goro da alewa. Inna kuwa ta ce ba za ta miƙa hannu ta karɓi goron kowa ba sai ta ji "eh" daga bakina.

Tun da hantsi gidan ya ɗauki ƙamshi. An share tsakar gida har da ƙarƙashin bishiyar bedi, an yayyafa ruwa, an fito da tabarmar roba mai ruwan ganye wadda ba ta fita sai Salla. Inna na zaune a kan kujera ƴar tsugune tana murza dambu, turaren wuta na tashi a kasko kusa da shaddata ruwan toka da aka rataya a igiya don ta sha hayaƙi.

"Kin goge ɗankwalin?" in ji Inna.

"Na goge."

"To mi kike yi da huska kamar wadda aka aiko wa saƙon mutuwa?"

"Ba komai, Inna."

Ta ɗago ta dube ni. Inna ba ta faɗa, kallonta ya ishe ka. "Zara'u, ni ban ce sai shi ba. Amma yaron nan tunda hawan jinin nan ya kama ni bai taɓa bari maganina ya yanke ba. Shina da aikinsa, shina da ladabi, ya yi gida. Shi wancan mushen naki, malamin makarantar ƙauye, ya taɓa buɗe baki ya ce shina son ki?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin zanina.

"Tambayarki nike."

"Bai ce ba."

"To iska za ki aura?"

Ta koma kan dambunta, ni kuma na shige ɗaki, don gaskiya ta faɗa kuma gaskiyar ta yi mini ciwo.

Ina zama bakin gado wayata ta yi ƙara. Abdulaziz ne, da hotuna a jere. Mutumin kirki ne, kada ku ji na ce wani abu ku tsane shi. Yana da shagon magani a Mayahi, dogo, mai fararen kaya da agogo, ba ya wuce tsoho bai rusuna ba. Ya rubuta:

"Ma chérie, an gama sa karo a salo. Dubi rido ɗin, daga Kano na sa aka kawo. Surprise!"

Na duba. An shimfiɗa tayil a falo, labulen kuma ruwan hoda ne mai ƙyalli, launin da tun ina yarinya ba na so. Hoto na gaba na madafa ne, an lafta wa bango kantoci masu kyau, can sama. Na auna da ido na ga ko na hau turmi sai na yi ɗage. Raina ya ce, wannan gida wata doguwar mace aka gina wa, Allah ya sa ta ji daɗinsa.

Na rubuta masa: "Ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Ƙofar gidan tana kallon ina?"

"Gudron mana, babban titi. Mi ya sa?"

"Ina nufin gabas ko yamma."

Ya turo fuskar dariya. "Ke da tambayoyinki na malamar lakwal. Ki zo kawai ki shiga, na riga na yi tunanin komai."

Na ajiye wayar. A daidai lokacin wani amalanke ya wuce ta bayan tagata, an lafta masa sabon karan hatsi, ƙamshinsa ya shigo ɗakin ya ture na turaren Inna. Wallahi sai da idona ya ciko. Duk malamin da ya taɓa koyarwa a rumfa ya san ƙamshin nan: an gama girbi, lokacin kafa aji ya yi.

Bari in mayar da ku baya, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya sa mace mai hankali take kuka saboda kara ba.

Da na gama makarantar horon malamai a Maradi, aikina na farko Garin Gazali aka tura ni, wani ƙauye a ƙasar Hawandawaki, inda mota ke zuwa ranar kasuwa kaɗai, in ta ga dama. Na sauka da takalmi mai tsini da akwati mai taya, tayar ta nutse a yashi tun a taku na farko. Aka sauke ni gidan Iya Rakiya, tsohuwa mai baki kamar reza da zuciya kamar man shanu. Da yammar ranar ina tsaye a tsakar gidanta ina neman rezo, na ɗaga waya sama, sai na ji ta ce cikin natsuwa:

"Madan, matsa gusum kaɗan, ga kunama nan arewa da ƙahwarki."

Na daskare. Gusum na san kudu ne, kakata ma haka take cewa. Amma ina kudun yake? Ni da na tashi a gari, dama da hagu na sani. Na tsaya ina juya ido ina neman rana, kunama na matsowa, har Iya ta taso ta murƙushe ta da takalmi.

"An ce ke ce za ki koya wa ɗiyanmu karatu?" ta ce. "Allah shi kyauta."

A garin nan ko cokali za a miƙo maka, sai a ce yana yamma da kwano. Yaro ɗan shekara huɗu, ka rufe masa ido ka juya shi, ka tambaye shi gabas, zai nuna maka kafin ka gama tambaya.

Makarantar aji biyu ce. Akwai na siminti guda, na manya, wanda direktanmu Mushe Manzo ke riƙe da shi. Nawa na ƙanana rumfa ce ta kara da zana, iyayen yara ke kafa ta bayan girbi, damina ta rushe ta, a sake wata baɗi. Ba benci, yashi ne da tabarmi, allon bango kuma an jingine shi da sanduna biyu. Da safe rana na shigowa ta tsakanin zana ta yi wa yaran zane-zane a fuska. Awaki na leƙowa su ci bangon ajin muna cikin darasi. A lokacin kullum cikin mita nake, yau kuwa da za a ce in koma da gudu zan tafi.

Manzo siriri ne, baƙi, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa guda da zare. Rigunansa ba su da yawa amma kullum a goge. Aibinsa ɗaya, ba ya ba da amsa, tambaya yake yi. Ka ce masa alli ya ƙare, sai ya ce, "Da mi kike ganin za mu rubuta?" Sau nawa na ji kamar in jefe shi da abin goge allo.

Yarana kuwa sun taru sun tsaya a wuri ɗaya: b da d. Na rubuta, na maimaita, na yi waƙa, na ɗaga murya. "Le ventre à droite! À gauche!" Wato tumbi a dama, tumbi a hagu. Su kalle ni da manyan idanu su rubuta abin da suka ga dama. Kowane maraice ina zaune ina cika takardar shirin darasi da kyakkyawan rubutu, ja da shuɗi, babu kuskure ko ɗaya. Da safe in shiga aji, darasin ya mutu a hannuna. Har na fara cewa a raina yaran ƙauye ne, kansu ba ya ɗauka.

A hutun tsakiyar shekara aka kira mu formasiyo, wato taron ƙarin horo, a nan Tasawa. Wata malama ce ta zo daga Yamai da wata hanyar shirya darasi mai dogon suna na Turancin Ingilishi, wanda ita kanta sai ta gyara zama kafin ta faɗe shi. Ranar farko ta sa aka fitar da kujeru, ta ce duk mu zauna a ƙasa. Manyan direktoci masu tumbi suna nishi suna tsugunawa, ni ina ɓoye dariya a gyale.

"Kafin ka rubuta darasi," in ji ta, "ka sauka ka zauna inda yaron yake zaune. Ka ga abin da yake gani, ka ji abin da yake ji. Sau da yawa matsalar da ka shigo da ita a aljihu ba ita ce matsalar ba."

Ta ce in ka gano ainihin abin da ya tsayar da yaro, sai ku tara dabaru, har da na shirme, kada a raina ko ɗaya. Sannan a yi gwaji da abin da ba za a yi kukan asararsa ba, kwali ko kara ko yashi. A kai wa yara su taɓa. In ya faɗi, a duba abin da ya kada shi a sake. Mu dai tun a ranar muka raɗa wa abin suna zaman tabarma, sunan ya bi shi.

Da muka koma, Manzo ya ce, "Madan, gobe ni zan tsaya a allonki. Ke ki zauna cikin ɗiyanki."

Na zauna a yashi da atamfata sabuwa, tsakanin yara masu warin fura da man gyaɗa, suna ta ƙunshe dariya. Ya ɗauki alli ya juyo ya fuskance mu, ya ɗaga hannu ya ce, "À droite." Hannun da ya ɗaga yana ɓangaren haguna. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Watanni ina nuna musu dama da hannun da su a wurinsu hagu ne, cikin harshen da ba a yi da su a gida, kuma ina cewa kansu ne ba ya ɗauka.

Ina cikin wannan sai na ji wata ƴar yarinya, Furera, mai giɓi a gaba, ta zunguri ta kusa da ita. "Ba haka ba," ta raɗa mata. "Maida cikinshi gabas."

Na leƙa allon hannun yarinyar. Ta goge, ta mayar da tumbin harafin gabas. B ya fito daidai.

Ajinmu arewa yake kallo. Duk wanda ya fuskanci allo, gabas na damansa. Ashe yaran suna da hanyarsu tuntuni, ni ce ban sauko na ji ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwata, na faɗa kuma ba na jin kunya. Bayan an tashi sai mu zauna a gindin gawon da ke bayan makaranta, Manzo na dafa shayi, Iya Rakiya na gefe tana ɓarar gyaɗa, wai ta zo shan inuwa, alhali gadina take yi. Mu yi ta zubo dabaru. Ya ce a rubuta haruffa a jikin awaki tunda ba sa fashin zuwa aji. Na ce a sa yara su cusa ƙwarya a riga su zama haruffan da kansu. Iya ta ce mu duka biyu a kai mu a yi mana rubutu mu sha.

Daga ƙarshe kara muka yanka, muka tsinto sakaina a bayan gida. Kara a tsaye, sakaina a gindinsa: in ta kalli gabas b ne, in ta kalli yamma d ne. Kowane yaro da nasa. Suka riƙa waƙa suna juya sakainar, "B na kallon hudowar rana, d na kallon hwaɗuwarta." Kafin zafi ya shigo babu mai kuskure a ajina. Na cika na batse. Har saƙo na sa aka kai wa mai duba malamai na yankinmu cewa ya zo ya gani.

Sai hadarin farko ya taso daga gabas da wata irin iska, ya kwantar da rumfata ƙasa, ana gab da jarrabawar ƙarshen shekara. Manzo ya ce ba komai, ya fitar da manyansa gindin gawo, ya ba ƙananana ajin siminti. Mai duba malamai ya iso a kan babur, ya zauna a baya da jakarsa a cinya. Na sha ɗaurin ɗankwali, na tsaya ina murmushi na ce su rubuta "baba".

Na zaga in duba. Allo na farko, "dada". Na biyu, "dada". Na Furera, wadda nake taƙama da ita, "dada", da kyakkyawan rubutu kuwa. Duk ajin, ba wanda ya tsira.

Ajin Manzo gusum yake kallo. Yaran sun yi daidai abin da na koya musu, sun mayar da tumbin gabas, gabas ɗin ne ya koma hagunsu.

Mai duba malamai ya yi gyaran murya ya rubuta wani abu. Manzo ya leƙo ta taga ya dubi allunan, ya ce, "Madan, ɗiyanki sun maida ubanninsu uwaye." Don a garin Dada ake kiran uwa. Har baƙon sai da ya yi dariya. Ni kuwa na fita na zaga bayan aji na yi kuka mai isata.

Can sai ga Manzo. Na ɗauka lallashi ya kawo. Ya tsaya nesa kaɗan, ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Mi kika gani?"

"Na ga na ji kunya a gaban mutane. Abin da na gani ke nan."

"Ban da wannan."

"Mushe, don Allah ka tafi ka ba ni wuri."

Bai tafi ba. Ya tsuguna yana zane a yashi da tsinke har na gaji da fushi. Daga baya na share ido na ce, "Na ɗaure darasin a jikin rumfa. Rumfar ta faɗi, ya bi ta."

"To a jikin mi za a ɗaure shi?"

"A jikin abin da yaro zai tafi da shi duk inda ya juya."

Washegari muka sake zama a tabarma da yaran, muka tambaye su. Su suka kawo maganar hannun tuwo. Na sayo zare a kasuwa, na ɗaura wa kowa a wuyan hannun da yake cin abinci da shi. B na bin hannun tuwo, d na gudunsa. Muka fitar da su fili, muka juya su gabas, muka juya su gusum, muka sa su rubuta a yashi. Baba ya zauna baba. Ranar Manzo ya yi dariya har tabarau ya faɗi, ni kuma a ranar na san na shiga uku, don na ga ina son mutumin nan.

Bai taɓa cewa komai ba. Yakan lura dai. Ya lura ba na kai wa saman allo, ya rage wa sandunan tsawo ba tare da ya faɗa mini ba. Ya lura ba na shan shayi na farko mai ɗaci, sai ya riƙa ajiye mini na biyu. Iya Rakiya takan ce, "Wanga mushe, in ana jiran bakinshi sai hatsi ya tsiro a kan dutse." Na yi ta jira.

Bara ciwon Inna ya tashi, ta faɗi a bakin murhu ba kowa a gidan. Yaya Nura ya yi ta zirga-zirga har aka dawo da ni Tasawa. Ban yi gardama ba, uwata ce. Ranar tafiyata yara suka rako ni har bakin kasuwa da zarurrukansu a hannu, Furera na riƙe da gefen zanina. Manzo ya ɗora akwatina a mota, ya tsaya, ya buɗe baki. Zuciyata ta tsaya tare da shi.

"Madan," ya ce, "zaren nan, ja ya fi daɗewa ko baƙi?"

"Baƙi," na ce, na shige mota. Har muka wuce Kona ina zaginsa a zuci.

Yanzu ajina na siminti ne, da benci, da ƙofar ƙarfe. Ina yin zaman tabarma da yarana na gari, yana kuma aiki. Amma ba mai leƙowa ta taga ya tambaye ni abin da na gani. Saƙonnin Manzo kuwa, in rezo ya bar shi, duk na makaranta ne: yaya zan koya musu rabawa, Furera ta wuce aji na gaba, Iya na gaishe ki. Da Abdulaziz ya fara zuwa, da gangan na faɗa masa. Ya rubuto, "Allah ya zaɓa mafi alheri." Na kusa jefa wayar a rijiya.

To kun ji inda ƙamshin kara ya kai ni ranar Asabar.

Bayan azahar na yi wanka na sa shaddar. Ɗinkin ya zauna, aikin wuyan ruwan azurfa ne, na sa ƴan kunnen Inna na aurenta, na ɗaura ɗankwali na kafe shi da allura. Na dubi madubi na ga mace mai kyau wadda ban sani ba. Na yanke a raina zan ce eh. Mutum ya riƙe uwata, ya yi mini gida, Mayahi ba nisa, ga mota kullum. Kantoci kuma ai ana sayen kujerar takawa.

Aka kira la'asar. Na idar ke nan ina naɗe darduma, wayar ta yi ƙara. Na ɗauka Abdulaziz ne zai ce sun taso. Manzo ne, hoto ɗaya da saƙon murya.

Hoton fili ne na yashi. Na gane gawon nan take, na gane katangar Iya Rakiya a gefe. An jera karan hatsi a ƙasa, layi-layi, an fitar da siffar ɗakuna. Ba tubali, ba rami, kara ne kawai a kwance. Na kai wayar kunne.

"Madan, ina wuni. Iya ta ce yau ne za a kawo goro. Na yi wani gwaji, ina so ki duba." Na ji kukan akuya a bayansa. "Mai gari ya ba ni filin nan tun bara. Ban sa tubali ko ɗaya ba, don an koya mana kada ka gina wa mutum abu ba ka tambaye shi ba. Na daɗe ina ganin matsalar ita ce ni ba ni da abin da wani yake da shi. Da na zauna na duba da kyau, na ga ba ita ba ce. Inna ce, ba za ki bar ta ita kaɗai ba, kuma kina da gaskiya. Ɗakin da ke kusa da gawo nata ne, in za ta yarda, ko da rabin shekara ne. Maganinta kuma motar kasuwa na iya kawowa, na tambaya. Sauran duk ana iya matsar da su da ƙafa. Abu ɗaya ne ban iya yankewa ni kaɗai ba. Ƙofar ta kalli ina? In ba ki amsa ba, awaki za su cinye karan kafin gobe, ba a yi asarar komai ba."

Saƙon ya ƙare. Jama'a, raina ya ɓaci. Ba a yi asarar komai ba? Shekara nawa ina jiran mutumin nan ya buɗe baki, da ya buɗe kuma tambaya ce, har da awaki a ciki. Na ɗaga yatsa zan rubuta masa abin da ba zai manta ba, sai wani saƙon ya shigo, gajere.

"Ƙarya na yi, Zara'u. Za a yi asara."

Bai taɓa kiran sunana ba sai ranar.

Na zauna a kan dardumar da shaddata da komai. Na buɗe hoton na ƙara girmansa. A inda ya nufa da madafa, ya kafa kara biyu ya gitta ɗaya a kansu, alamar kanta. Ko a hoto na ga tsawonta bai wuce ƙirjina ba.

A waje na ji tsayuwar mota, na ji buɗe ƙofofi, na ji muryoyin mata suna sallama, Inna na amsawa da muryarta ta baƙi, "Maraba, maraba, ku shigo daga ciki." Ƙamshin turarensu ya riga su shigowa. Na tuna Abdulaziz da kwalayen maganin da yake ajiye wa Inna a kan taga ba ya ko jiran godiya, tausayinsa ya kama ni ƙwarai, don bai yi mini laifin komai ba.

Amma na riga na rufe ido na tsaya a filin nan. Ba sai na nemi rana ba yanzu, Garin Gazali ya koya mini. Gabas ba ta yiwuwa, daga can ruwa ke bugowa, na ga abin da ya yi wa rumfata. Yamma rana ce har magariba. Gusum gonaki ne. Ɗaya ta rage, inda hanyar yashi ta miƙe ta bi ta Kona ta fito Tasawa.

Na rubuta: "Arewa. In riƙa ganin hanyar gidanmu."

Na tura. Alama ɗaya ta fito, ta tsaya, rezon ƙauye na ja mini rai. Sai ta zama biyu, sai ta yi shuɗi.

Ban ji ɗaga labule ba. Inuwa kawai na gani ta faɗo a kan wayar. Inna ce tsaye a kaina da mayafinta na fita kunya, ta zo kirana in gaida baƙi. Inna ba ta yi lakwal ba, amma ta yi karatun yaƙi da jahilci, kuma ni da kaina na ƙarasa koya mata b da d da zare a hannu. Ta sunkuyo ta karanta a hankali, leɓenta na motsi. Ta dubi hoton karan, ta daɗe tana dubansa.

Daga tsakar gida wata gwaggo ta ɗaga murya, "Ina ɗiyar tamu? Ko kunya ce?"

Inna ta ɗago daga kan wayar. Ta saki labulen ya rufe mu, ta zauna a bakin gadona, ta ce da murya ƙasa-ƙasa:

"Zara'u, ƙohwar wa za ta kalli arewa?"